Mazaɓar Finchley: yadda kujerar Margaret Thatcher ta koma hannun jam'iyyar Labour

Tambayar da aka aiko ita ce: "Na ji an ce mazaɓar da Margaret Thatcher ta wakilta fiye da shekara 30 a majalisar dokokin Birtaniya yanzu tana hannun jam'iyyar Labour. Shin gaskiya ne? In kuwa gaskiya ne, ta yaya tungar jam'iyyar Conservative ta kuɓuce mata haka?"

Gaskiya ne, amma akwai gyara guda biyu. Na farko, mazaɓar da Thatcher ta wakilta daga 1959 zuwa 1992, wato Finchley, ba ta nan a yadda ta san ta, domin an rushe ta a 1997, aka haɗa mafi yawan unguwanninta da wasu na maƙwabta, aka kafa sabuwa mai suna Finchley da Golders Green. Na biyu, ba a zaɓen 2024 ne Labour ta fara cin wannan kujera ba. Ta riƙe ta shekara 13 daga 1997, ta rasa ta tsawon shekara 14, sannan ta sake karɓe ta. A fahimtata kuma kiran Finchley tunga ya ɗan wuce gona da iri, domin girman sunan Thatcher ne ya sa ake mata wannan zato. Duk wanda ya bi alƙaluman zaɓen wurin ɗaya bayan ɗaya zai ga cewa Conservative ta daɗe tana samun wajen rabin ƙuri'u ne, wani lokaci ɗan sama da haka, wani lokaci ƙasa, kuma abin da ya fi yanke hukunci shi ne ko ragowar rabin sun taru a bayan ɗan takara ɗaya ko sun rabu gida biyu.

Kafin a shiga tarihin, ya kamata a tuna yadda tsarin zaɓensu yake. An raba Birtaniya zuwa mazaɓu 650, kowace tana aika wakili ɗaya Majalisar Wakilai, kuma wanda ya fi kowa yawan ƙuri'u shi ne ya ci, ko da bai kai rabi ba, babu zagaye na biyu. Ba a zaɓen firaminista kai tsaye, shugaban jam'iyyar da ta fi rinjaye a majalisa ne yake kafa gwamnati, kuma shi ma dole ne ya ci mazaɓarsa kamar kowane ɗan majalisa. Wannan shi ne tsarin da Nijeriya ta yi aiki da shi a Jamhuriya ta Farko, lokacin da Abubakar Tafawa Ɓalewa yake firaminista kuma yake wakiltar wata mazaɓa ta ƙasar Bauchi. Saboda haka a lokacin da Thatcher ta zo Kano a watan Janairun 1988 aka yi mata hawan daba, duk da cewa ta ci babban zaɓe sau uku a jere, babu inda sunanta ya fito a takardar ƙuri'a a waɗannan zaɓuɓɓuka sai a Finchley kaɗai.

Finchley tana arewacin Landan, kimanin kilomita 11 daga tsakiyar birnin. Har zuwa ƙarni na 19 ƙauye ce a gundumar Middlesex, wadda aka fi sani da abu biyu: filayen da ake yankan ciyawar dawakin Landan, da kuma dajin da babbar hanyar arewa ta ratsa, inda 'yan fashi suka yi ƙaurin suna wajen tare matafiya. Jirgin ƙasa ne ya sauya ta. Layin dogo ya iso a 1867, tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Golders Green ta buɗe a 1907 a wurin da kafin nan mararraba ce kawai a tsakiyar gonaki, sannan jirgin ƙarƙashin ƙasan ya kai East Finchley a 1939, ya kai Finchley Central a 1940. A shekarar 1907 ɗin ce kuma Henrietta Barnett ta kafa unguwar Hampstead Garden Suburb da nufin mai kuɗi da talaka su zauna tare a wuri mai itatuwa da iska, sai ga shi a ƙarshe unguwar ta zama ɗaya daga cikin mafi tsada a duk ƙasar.

Mutanen da suka cika waɗannan unguwanni na kewayen birni su ne akawuna, masu kantuna, malaman makaranta, likitoci da lauyoyi, waɗanda suke kwana a Finchley su yi sammako su shiga jirgi zuwa wurin aiki a cikin Landan. Yawancinsu sun sayi gidajensu ne da bashin banki, saboda haka abin da ya fi damunsu a siyasa shi ne kuɗin ruwa, da harajin da ƙaramar hukuma take ɗora wa gidaje, da ingancin makarantu. Irin waɗannan masu zaɓe ne ƙashin bayan jam'iyyar Conservative a Ingila a mafi yawan ƙarni na 20. A cikinsu kuma akwai Yahudawa masu yawa, wasu sun taso daga unguwannin talakawa na gabashin Landan bayan sun sami abin hannu, wasu kuma sun gudo ne daga Jamus ta 'yan Nazi a shekarun 1930. Daga baya Girkawan Cyprus da Indiyawa da Iraniyawa suka ƙaru. A ƙidayar 2011, kimanin kashi 21 cikin 100 na mazauna sabuwar mazaɓar Yahudawa ne, adadin da babu wata mazaɓa a Birtaniya da ta kai shi, alhali a ƙasar baki ɗaya ba su wuce rabin kashi ɗaya cikin 100 ba.

An kafa mazaɓar Finchley a 1918, shekarar da aka fara ba matan da suka haura shekara 30 damar jefa ƙuri'a. Daga nan har zuwa rushe ta a 1997, sau ɗaya tak ta fita daga hannun Conservative, wato a zaɓen Disamban 1923, lokacin da Firaminista Stanley Baldwin ya nemi amincewar jama'a don ɗora haraji kan kayan da ake shigowa da su, masu zaɓe suka tsorata da tsadar abinci, ɗan takarar jam'iyyar Liberal, Atholl Robertson, ya ci kujerar. Bai cika shekara a kanta ba, domin a zaɓen Oktoban 1924 jam'iyyarsa ta durƙushe a faɗin ƙasar, Edward Cadogan ya mayar da Finchley gidanta. John Crowder ya gaje shi a 1935, ya tsallake har guguwar Labour ta 1945 wadda ta yi awon gaba da gwamnatin Winston Churchill, ya ci gaba da zama har 1959.

Thatcher ba 'yar Finchley ba ce. An haife ta a Grantham a 1925, kuma ta riga ta tsaya takara sau biyu a Dartford, a 1950 da 1951, ta sha kaye duka biyun domin mazaɓar ta Labour ce. Bayan ta yi aure ta haifi tagwaye, wasu rassan jam'iyyar sun ƙi tsayar da ita bisa hujjar cewa mace mai ƙananan yara ba za ta iya aikin majalisa ba. A 1958 reshen Finchley ya tsayar da ita da ƙyar, a 1959 kuma ta ci zaɓe da tazarar ƙuri'u 16,260, tazarar da ba ta sake samun ko kusa da ita ba a duk zaɓuɓɓuka takwas da suka biyo baya. Jawabinta na farko a majalisa, a 1960, na gabatar da ƙudurin da ya zama dokar da ta tilasta wa ƙananan hukumomi barin 'yan jarida su halarci zamansu ne.

Akwai wata matsala da ta gada wadda take da muhimmanci ga duk abin da ya biyo baya. A ƙarshen shekarun 1950 an yi zargin cewa wani kulob ɗin wasan golf na yankin, wanda yake kan filin ƙaramar hukuma kuma wasu jiga-jigan Conservative na wurin suke da hannu a cikinsa, yana ƙin karɓar Yahudawa. Jam'iyyar Liberal ta riƙe wannan magana ta yi ta yaɗa ta, ta fara cin kujerun kansiloli ɗaya bayan ɗaya, har ta kai ga mamaye majalisar ƙaramar hukumar Finchley a farkon shekarun 1960. Lokacin ya zo daidai da farfaɗowar Liberal a unguwannin kewayen Landan, musamman bayan ta ci zaɓen cike gurbi na Orpington a 1962. A babban zaɓen 1964, John Pardoe na Liberal ya sami ƙuri'u 15,789, ɗan takarar Labour ya sami 12,408, ita kuma Thatcher ta sami 24,591. Tazararta ta ragu zuwa 8,802, kuma in aka haɗa ƙuri'un abokan hamayyarta biyu sun fi nata da fiye da 3,000. Thatcher ta ɗauki darasi daga wannan: ta dage wajen kusantar al'ummar Yahudawan mazaɓarta, tana halartar tarukansu, ta shiga ƙungiyar sada zumunta da Isra'ila ta Finchley, kuma wannan dangantaka ta bi ta har fadar gwamnati, inda a 1986 ta zama firaministan Birtaniya ta farko da ta ziyarci Isra'ila tana kan mulki.

Shekarar 1974 ce mafi hatsari gare ta. An sake shata iyakokin mazaɓar aka rage girmanta, sannan an yi babban zaɓe har sau biyu a cikin shekarar, gwamnatin Edward Heath da take ministar ilimi a cikinta ta faɗi. A Fabrairu tazararta ta sauka zuwa 5,978, a Oktoba ta sauka zuwa 3,911. A wannan zaɓe na biyu ta sami kashi 44 cikin 100 ne kawai, ɗan takarar Labour ya sami ƙuri'u 12,587, na Liberal ya sami 7,384. Da a ce ɗan abin da ya haura rabin magoya bayan Liberal sun koma Labour a ranar, da ba ta cikin majalisa a watan Fabrairun 1975, lokacin da ta kayar da Heath ta zama shugabar jam'iyya. Wannan lissafi ne na bayan fage, ba kuma a tabbatar da cewa masu zaɓen Liberal za su fi son Labour ba, amma yana nuna ƙanƙantar ratar da ke tsakaninta da faɗuwa wata huɗu kacal kafin ta hau shugabanci.

A shekarun da take firaminista tazarar ta gyaru amma ba ta yi tashin gwauron zabo ba: 7,878 a 1979, sai 9,314 a 1983, sai 8,913 a 1987, kuma a kowanne ta sami ɗan abin da ya haura rabin ƙuri'u. Abin lura shi ne a 1983, shekarar da jam'iyyarta ta sami rinjayen kujeru 144 a majalisa bayan yaƙin Falklands, akwai 'yan majalisar Conservative da dama waɗanda ba a san sunansu ba a wajen gundumominsu da suka ninka ta a tazara.

Daren ƙirga ƙuri'u a mazaɓar firaminista yana da nasa abin kallo. A can ba a ƙirga ƙuri'a a rumfar zaɓe; idan aka rufe rumfuna da ƙarfe 10 na daren Alhamis, sai a kwashe akwatuna a kai babban zaure guda, ma'aikata su zauna a dogayen tebura suna ware takardu da hannu suna ɗaure su dami-dami, wakilan jam'iyyu suna tsaye a gabansu suna kallo. In an gama, dukkan 'yan takara sai su jeru a kan dandamali, baturen zaɓe ya karanta sunayensu bisa jerin haruffa, ba tare da la'akari da muƙamin kowa ba. Da yake duk wanda ya biya kuɗin ajiya ya kuma sami sa hannun masu zaɓe 10 yana iya tsayawa, 'yan barkwanci da masu neman a ji kokensu sukan yi tururuwa zuwa mazaɓar firaminista domin kyamarorin talabijin. A 1987 akwai wanda ya tsaya a Finchley da sunan Lord Buckethead, sanye da baƙaƙen kaya da wata doguwar hula mai kama da bokiti wadda ta rufe masa fuska. Yawaitar irin waɗannan na cikin dalilan da suka sa a 1985 aka ɗaga kuɗin ajiyar daga fam 150 zuwa fam 500.

Thatcher ta sauka daga mulki a Nuwamban 1990 bayan 'yan jam'iyyarta sun juya mata baya, ta bar Majalisar Wakilai a 1992. Hartley Booth ya gaje ta da tazarar 6,388, shi ne kuma ɗan majalisa na ƙarshe na tsohuwar Finchley.

Sauyin 1997 ya samo asali ne daga aikin hukumar shata iyakokin mazaɓu, wadda take sake duba taswira lokaci zuwa lokaci domin yawan masu zaɓe ya daidaita. Ƙaramar hukumar Barnet, wadda aka haɗe Finchley a cikinta tun 1965, tana da kujeru huɗu a majalisa, sai aka mayar da su uku. Aka cire yankin Friern Barnet daga Finchley, aka ƙaro mata Golders Green da Childs Hill da Hampstead Garden Suburb daga mazaɓar Hendon ta Kudu, wadda ita ma ba ta taɓa zaɓen wata jam'iyya ba sai Conservative tun kafa ta a 1945. A takarda, haɗa gutsuren mazaɓu biyu na Conservative ya kamata ya haifar da kujera mai aminci, shi ya sa 'yan majalisa biyu masu ci, Booth da John Marshall na Hendon ta Kudu, suka yi ta fafutukar neman tikitinta. Marshall ne ya samu, sai ga shi ya faɗi a hannun Rudi Vis, malamin tattalin arziki haifaffen ƙasar Holan, da tazarar ƙuri'u 3,189.

Ba a buƙatar dogon bincike kan dalilin wannan faɗuwa. Shekarar ce Tony Blair ya kai Labour ga cin kujeru 418, kuma unguwannin kewayen Landan ne suka fi juyawa, ciki har da Enfield Southgate da ke kusa, inda ministan tsaro Michael Portillo ya sha kaye. Blair ya kwantar wa masu gidaje da masu albashi mai kauri hankali cewa ba zai ƙara harajin kuɗin shiga ba, magoya bayan Liberal Democrats, magajiyar jam'iyyar Liberal, kuma suka ba Labour aron ƙuri'unsu a wuraren da ita ce za ta iya kayar da Conservative. Abin da bai faru ba a 1964 da 1974 shi ne ya faru a 1997. Vis ya sake ci a 2001 da tazarar 3,716, a 2005 kuma, bayan yaƙin Iraƙi ya kori masu zaɓe da yawa daga Labour zuwa Liberal Democrats, ya tsira da ƙuri'u 741 kacal. Bai sake tsayawa ba a 2010, ya kuma rasu a cikin watan da aka yi zaɓen.

Mike Freer, tsohon shugaban majalisar ƙaramar hukumar Barnet, ya ƙwato kujerar a 2010 da tazarar 5,809. Zaɓuɓɓuka ukun da suka biyo baya su ne suka fi cancantar a tsaya a kansu, domin a nan ne ake yawan kuskuren fassara. A 2015 Freer ya sami ƙuri'u 25,835, Sarah Sackman ta Labour ta sami 20,173. Wannan ya faru ne lokacin da Ed Miliband, wanda shi kansa Bayahude ne, yake shugabancin Labour, abin da yake nuna cewa sanyin dangantaka tsakanin jam'iyyar da Yahudawa masu zaɓe ya fara tun kafin zuwan Jeremy Corbyn, wanda ya gaje shi a shugabancin jam'iyyar. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne ƙuri'ar da aka kaɗa a majalisa a Oktoban 2014 kan amincewa da ƙasar Falasɗinu, wadda Labour ta mara wa baya, aka amince da ita da ƙuri'u 274, 12 kawai suka ƙi. Freer, wanda ba Bayahude ba ne, ya ajiye ƙaramin muƙaminsa na mataimakin minista a majalisa domin ya kasance cikin waɗannan 12.

A 2017, ƙarƙashin Corbyn, Labour ta yi rawar gani a Landan, har ta ci Kensington da ƙuri'u 20, ta ci Battersea da Enfield Southgate, amma kujeru ukun Barnet duka suka tsaya a hannun Conservative da ƙananan tazara: 353 a Chipping Barnet, 1,072 a Hendon, 1,657 a Finchley da Golders Green. Ɗan takarar Labour, Jeremy Newmark, ya sami ƙuri'u 22,942, Freer ya sami 24,599. A nan ina ganin babu makawa a yarda cewa rikicin zargin ƙyamar Yahudawa a cikin Labour ne ya hana ta kujerar, domin a mazaɓar da mutum ɗaya cikin biyar Bayahude ne, sauyin ra'ayin mutum 900 ya isa ya juya sakamakon. Hukumar kare daidaito da haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar ta tabbatar a rahotonta na Oktoban 2020 cewa jam'iyyar ta karya doka a yadda ta tafiyar da waɗannan ƙorafe-ƙorafe.

Zaɓen Disamban 2019 ya fi ban mamaki. Luciana Berger, wadda ta wakilci wata mazaɓa a Liverpool tun 2010 kuma ta fice daga Labour a Fabrairun 2019 saboda cin zarafin da ta sha a matsayinta na Bayahudiya, ta sauya sheƙa zuwa Liberal Democrats ta zo ta tsaya a nan. Yankin ya kasance mai goyon bayan zama cikin Tarayyar Turai, domin a ƙuri'ar raba gardama ta 2016 kashi 62 cikin 100 na masu zaɓen Barnet sun zaɓi a zauna, alhali taken Firaminista Boris Johnson na Conservative a wannan zaɓe shi ne a kammala ficewa. Berger ta sami ƙuri'u 17,600, Ross Houston na Labour ya sami 13,347, Freer ya sami 24,162. Wato ƙuri'un Freer sun ragu da 437 idan aka kwatanta da 2017, amma tazararsa ta ninka kusan sau huɗu, ta kai 6,562. Wanda ya kalli tazarar kawai zai ce mazaɓar ta ƙara son Conservative, alhali kashi 56 cikin 100 na waɗanda suka fito sun zaɓi wasu ne, sai dai sun raba ƙuri'unsu kusan yadda aka raba su a 1964.

Ya kamata a yi hattara da maganar "ƙuri'ar Yahudawa" kamar abu ne dunƙulalle. Mutum huɗu cikin biyar na mazaɓar ba Yahudawa ba ne, su kansu Yahudawan kuma sun kasu: masu tsananin riƙo da addini na Golders Green sun fi karkata ga Conservative, masu sassaucin ra'ayi na Finchley kuma da yawansu 'yan Labour ne na gado, kuma Sackman da Newmark da Berger duk daga cikin al'ummar suka fito. Ban da wannan, akwai sauyin da yake tafiya a hankali wanda ba ya jawo kanun labarai. Farashin gidaje a Landan ya kai matsayin da 'ya'yan akawuna da malaman da suka sayi gidaje a zamanin Thatcher ba sa iya saye, an raba manyan gidaje da yawa zuwa ɗakunan haya, masu digiri sun ƙaru, kuma a Birtaniya ta yau mai digiri da ke zaman haya a babban birni ya fi kowa nisa da Conservative. Shi ya sa unguwanni irin su East Finchley da West Finchley suka daɗe suna zaɓen kansilolin Labour, yayin da Golders Green da Garden Suburb da Finchley Church End suka tsaya tare da Conservative. A watan Mayun 2022, bayan Keir Starmer, wanda ya gaji Corbyn a shugabancin Labour, ya yi shekara biyu yana ƙoƙarin gyara dangantakar jam'iyyarsa da Yahudawa, Labour ta sami cikakken rinjaye a majalisar ƙaramar hukumar Barnet karo na farko a tarihinta.

Freer bai tsaya a zaɓen 2024 ba, dalilinsa kuwa ba na siyasa ba ne kaɗai. Al'adar 'yan majalisar Birtaniya ce su ware lokaci, yawanci ranar Juma'a, su zauna a ofis ko a zauren coci ko ɗakin karatu, duk ɗan mazaɓar da yake da matsalar gida ko takardun zama ko asibiti ya zo ya same su ido da ido, a da ma babu 'yan sanda babu 'yan rakiya. A irin wannan zama ne aka kashe ɗan majalisa David Amess da wuƙa a Oktoban 2021, kuma a wajen shari'a ta bayyana cewa wanda ya kashe shi ya riga ya je ofishin Freer a Finchley makonni kaɗan kafin nan bai same shi ba. Daga nan Freer da ma'aikatansa suka fara sanya rigar kariya daga sukar wuƙa idan za su gana da jama'a. A Disamban 2023 wata gobara da aka tayar da gangan ta lalata ofishin nasa, a farkon 2024 kuma ya sanar cewa ba zai sake neman kujerar ba saboda barazanar kisa da halin da iyalinsa suke ciki.

A ranar 4 ga Yulin 2024, Sarah Sackman, lauya wadda ta tashi a East Finchley, ta kayar da Alex Deane na Conservative da tazarar 4,581, aka kuma naɗa ta muƙami a gwamnati cikin 'yan kwanaki. Sauran kujerun Barnet biyu ma sun koma Labour, ta Hendon da ƙuri'u 15 kacal, tazara mafi ƙanƙanta a duk ƙasar a wannan zaɓe. Abin da ya ja hankalin masu nazari shi ne a daren da Labour take dawo da Finchley, a daren ne take rasa kujeru a wuraren da Musulmi suke da yawa, kamar Leicester ta Kudu da Blackburn da Dewsbury da Batley, ga 'yan takara masu zaman kansu da suka tsaya kan batun Gaza. Matsayin Starmer kan yaƙin ya taimaka mata a wani wuri, ya kuma cutar da ita a wani.

Tun daga 1997, duk jam'iyyar da ta ci Finchley da Golders Green ita ce ta kafa gwamnati ko ta jagorance ta, sau takwas a jere, abin da ya sa wasu suke kallonta a matsayin ma'aunin ra'ayin ƙasa. Ni ban cika gamsuwa da wannan ba, domin a 2017 da 2019 dalilan da suka hana Labour kujerar na cikin gida ne, sun dace da sakamakon ƙasa ne kawai. Ba na kuma ganin ta zama tungar Labour. Sackman ta ci da ƙuri'u 21,857, wato ƙasa da 22,942 da Newmark ya samu ya faɗi a 2017. Abin da ya sauya shi ne ƙuri'un Conservative sun zube daga 24,162 zuwa 17,276, a zaɓen da jam'iyyar ta tsira da kujeru 121 kawai a faɗin ƙasar kuma fitowar masu zaɓe ta yi ƙasa ƙwarai. Idan wani kaso na waɗannan kusan 7,000 ya dawo, sannan jam'iyyar Green da Liberal Democrats suka yagi wani abu daga hannun Labour, kujerar tana iya sake juyawa a babban zaɓe na gaba, wanda doka ta tanadi a yi shi kafin ƙarshen watan Agustan 2029.